Dainamo ko batirin caji: wanne ya fi wa fitilar keke?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka tayar da dainamon tsohuwar Raleigh ɗin babanka, ko ka haɗa fitila mai batirin caji, tunda sai bayan isha'i kake tashi daga shago. Duka biyun na taɓa su, har dalma ta bar min tabo a yatsa.

Dainamon nan mai kama da kwalba, wanda ke gogar gefen taya, volt 6 yake bayarwa, watt 3. A tsohon tsari ƙwan gaba na cin 2.4, na baya 0.6. Shi ya sa in na baya ya mutu, ka sako gangara da gudu, sai na gaba ya bi shi, don wutar duk a kansa ta taru. In LED za ka sa, ka tuna wutar dainamo AC ce, wato mai kai-komo gaba da baya: diode huɗu (ƴan na'urorin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) za ka haɗa su miƙar da ita, ka ƙara kafasita, mai ɗan riƙe wuta, don kada hasken ya riƙa ƙyafce-ƙyafce. Daɗinsa ɗaya ne, amma babba: ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke, ƙafarka ce injinsa. Sai dai da ka tsaya a mararraba, duhu ya rufe ka, daidai inda ka fi bukatar mai Adaidaita ya gan ka. Da damina kuma laka na sa shi sulɓi, yana cin gefen taya, feda ta yi nauyi. Akwai irin wanda ake ginawa a cibiyar ƙafar gaba, kamar na kamfanin Shimano. Ba ya sulɓi, amma sai an kwance ƙafar an sake ɗaure ta, ga tsada.

Batiri kuwa, 18650 nake nufi (sunan awonsa ne: kauri milimita 18, tsawo 65). Nawa daga mataccen batirin laftof na ciro su, guda shida, huɗu suka yi rai. Ka auna kowanne da mitar auna volt. Wanda ya faɗi ƙasa da volt 2.5, ka rabu da shi. Cikarsa 4.2 ne, kuma ɗan allon caji mai kariya da ake kira TP4056 zai caja maka shi da cajar waya. Mai 2500mAh (awon yawan cajin da batiri ke ɗauka ke nan) zai riƙe LED mai watt 3 kusan awa uku, kana tafiya ko kana tsaye. Wanda ka ga an rubuta wa 9900mAh a kasuwa, ƙarya ce tsagwaronta, ɗaga shi ma za ka ji ba nauyi. Kada ka ɗora masa ƙarfen dalma kai tsaye, nemi gidansa na roba, kuma kada ka bar shi kan keke a ranar bazara.

Ni dai a tafiyarka ta cikin gari, batiri zan sa gaba da baya. Amma kar ka cire dainamon. Goge shi, ɗiga masa mai, ba shi ƙaramar LED tasa daban. Ranar da na manta caji, har gida na tura keke ina haska hanya da waya.