Kujerun falo da ƙaramin ƙarfi: na kanti, na gwanjo, ko a kira kafinta?

Duk wadda ta taɓa shiga hidimar jere ta san kujeru ne ke cinye kuɗin kayan ɗaki. Gado yana can ƙurya, ba kowa ke ganinsa ba. Kayan kicin a hankali ake tara su, yau tukunya gobe kula. Kujera kuwa ita ke tarbar baƙo, ita 'yan ganin ɗaki ke fara shafawa, kuma ita ke fara tona asiri idan an yi ha'inci. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan haɗa kujera duk suka bi ta, domin sinadaran soso daga waje ake shigo da su, yawancin yadin ma haka. Mai ƙaramin ƙarfi yanzu ba ta da damar yin kuskure sau biyu.

Ni sau uku na haɗa falo a Kano: nawa na aure, da wanda na sake bayan na farkon ya ci amanata, sai na ƙanwata bara. Ba zan ɓoye ba, ina da gwani a cikin zaɓin nan, za ki gane shi tun kafin mu yi nisa.

Kujerun Turkiyya da ake jerewa a manyan shaguna masu gilashi suna da kyau, ban musa ba. Amma kuɗin saiti ɗaya zai haɗa miki falo da ɗaki har da canji, don haka mu wuce. Na gwanjo kuma, waɗanda aka yi amfani da su aka fitar, wani lokaci a kan dace da katako mai ƙwari, sai dai kuɗin cizo ba ya sallama kafin ya shiga gida, kuma idan ya samu maɓoya a ɗinkin kujera sai ya haye katifa. Ni dai ba da ni ba.

Zaman ƙasa irin na Larabawa ya fi waɗannan biyun cancantar a tsaya a kansa. Soso mai kauri ne a jingine da bango, da matasai, da kafet a tsakiya. Babu katakon da zai karye, yana ɗaukar mutane da yawa ranar suna, kuma idan gidan haya ne a Keke Napep biyu za ki kwashe shi. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ranar da surukarki mai ciwon gwiwa ta zo, sai an nemo mata kujerar roba daga maƙwabta. Idan falo biyu gare ki, ki yi shi a na ciki.

Sai kujerun da ake haɗawa a jere su a bakin titi, an naɗe su da leda suna ƙyalli a rana. Waɗannan su ne suka fi jan mai ƙaramin ƙarfi, domin ga araha, ga shi yau ki biya yau a kai miki. Su ne kuma suka ƙone ni. Kyan ɗan maciji ne da su. Ba na cewa duk masu yin su maha'inta ne, amma kujerar da aka gama aka rufe, ba ki da hanyar sanin abin da ke cikinta sai ranar da ta fashe da kanta. Nawa saitin mai ruwan zuma ne, da maɓallai a jikin majingina, kowa ya shigo sai ya yaba. Damina ɗaya da hunturu ɗaya ya yi. Da sanyi ya shigo sai mai zaman mutum uku ta fara kuka duk sanda aka zauna, ƙiii, kamar ƙofar tsohon zaure. Kafin azumi tsakiyarta ta lotsa, wanda ya zauna sai ya ji katako a ƙasansa. Ranar da na kira wani kafinta ya farke ta, abin da muka gani a hannun kujerar kwali ne, irin na taliya, har rubutun yana nan. Sosonta guntaye ne aka manna da gam. Katakon kuma gari yake zubarwa. Mutumin ya dube ni ya ce, “Hajiya, wannan ai ba gyara take so ba, murhu take so.”

Daga ranar na koma ga abin da nake ba kowa shawara: ki samu kafinta, ki sayi kayan da kanki ko ki aika wanda kika yarda da shi, a haɗa kujerar kina gani, ki biya kuɗin aiki daban. Ya fi wahala, yana cin sati uku ko huɗu, kuma za ki sha zirga-zirga. Amma duk naira da kika kashe kin san inda ta shiga, kuma kujerar da aka yi wa ƙashi mai kyau, bayan shekaru yadi kawai za a sauya mata ta dawo sabuwa.

A fara da katako, tunda shi ne ƙashin. A Kano 'Yan Katako na Na'ibawa da na Rijiyar Lemo nan ake zuwa. Madaci shi ne sarki a wurina: yana da nauyi, yana da ja-ja, ga ɗaci, ƙwaro ba ya saurin kama shi. Iroko ma haka, sai dai tsada. Malaina ita ce ta talaka mai hankali, ba ta da nauyi sosai, tana da sauƙin aiki, kuma idan ta bushe da kyau tana yin shekaru. Farin katako mai taushi, wanda farce ke shiga jikinsa, shi ake yi wa kujerun bakin titi, kuma shi ne abincin ƙwaro. Idan kuɗi bai kai a yi duka da madaci ba, a sa shi a ƙafafu da dogayen sandunan da ke ɗaukar nauyi, sauran a cike da malaina. Ki ce tu-bai-tiri, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci uku, kike so a wurin zama, kada a sa miki tu-bai-tu mai inci biyu-biyu.

Amma sunan itace bai kai bushewarsa muhimmanci ba, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Yawancin katakon daga kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima. Idan aka yi aiki da shi ɗanye, sai hunturun Arewa ya zuƙe ruwan jikinsa, ya tsuke, ƙusoshi su saki, mahaɗa ta buɗe. Kukan da kujerata ta riƙa yi ke nan. Ɗanyen katako yana da sanyi a tafin hannu, ya fi girmansa nauyi, idan kika ƙwanƙwasa shi kuma sautin a dushe yake fita. Busasshe yana amsawa rau. Idan kina da lokaci, ki saya tun da wuri a jingine shi a inuwa ya sha iska wasu makonni. Wani abin kuma, akwai masu shafa wa farin katako jan fenti mai ruwa su ce madaci ne. Ki sa a kankare gefe ɗaya da wuƙa, launin gaskiya har ciki yake. Kafin a rufe, a shafe ƙashin da maganin gara. Wasu kafintocin baƙin mai na inji suke shafawa, yana korar ƙwaro kam, amma da zafi ya taso falonki zai riƙa warin gareji.

Allon nan da ake kira MDF, wanda garin katako ne aka matse da gam, kada ki bari ya kusanci ƙafar kujera. Ruwan mofa kaɗai ya isa ya kumbura shi.

Yanzu soso, wanda a kansa na fi zafi. Ana auna ingancinsa da nauyinsa da kilo a kowane curi mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri, wato abin da 'yan kasuwa ke kira densiti. Na wurin zama ya kamata ya kai kusan 30. Mai 16 ko 18 na majingina ne da hannu, inda ba a ɗora masa nauyin mutum. Ha'incin da aka fi yi shi ne a sa mai rauni a ƙasa, a shimfiɗa siririn mai kyau a sama, ki danna da hannu ki ji daɗi. Shi ya sa danna hannu ba gwaji ba ne. Ki ɗora sosan a ƙasa tun ba a yanka ba, ki durƙusa a kansa da gwiwa ɗaya. Idan gwiwarki ta taɓa siminti, ki bar musu kayansu. Idan kin tashi kuma ki duba ko ya dawo daidai nan take, ko ya bar rami.

A da ana cewa a ɗaga a ji nauyi, mai nauyi shi ne mai kyau. Maha'inta sun riga mu sanin wannan. Akwai sosan da ake cakuɗa wa garin alli tun a wajen haɗawa don ya yi nauyi. Irinsa idan kika murza gefensa da yatsa sai ki ji yana ɓarɓashi, kika ja shi kaɗan sai ya yage ba tare da ya miƙe ba, bayan watanni kuma ya zama gari a cikin rigarsa. Manyan kamfanoni irin su Vitafoam, wanda yake aiki tun 1962, da Mouka, sunansu ya yi ƙarfin da har ana buga tambarinsu a jikin kayan da ba nasu ba. Ki je wurin dilan da kamfanin ya amince da shi, ki karɓi rasit, kuma sosan ya iso wurin kafinta a cikin ledarsa. Ni har alama nake yi wa nawa da biro a gefe, in sa hannu, ranar rufewa in ce a nuna mini. Kafintan ƙanwata dariya ya yi, ya ce, “Anti, ke kam an taɓa ki.” Na ce masa an taɓa ni ƙwarai.

Ƙarƙashin soso akwai abin da ke riƙe shi. Wasu suna sa sifirin, wasu bel na roba da aka yi don kujera, wasu kuma tsohuwar tayar mota suke yankawa. Ta taya ba laifi ba ce idan an ja ta da ƙarfi an saƙa ta kusa-kusa, tana ma daɗewa. Laifin shi ne a ja layi uku a shimfiɗa buhu a kai a ce an gama.

Yadi shi ne abin da ido ke gani, shi ne kuma ya fi sauƙin sauyawa, don haka a nan za ki rage kuɗi idan ragewa ta zama dole. Ledar da ake kira fata, zafin watan Afrilu yana sa ta saɓule kamar fatar maciji, ga manne wa jiki idan babu wuta. Karammiski yana da kyau a hoto, amma ƙurar hunturu a jikinsa take kwana. Yadi mai kauri mai ɗan duhu, ruwan ƙasa ko ruwan toka, shi ya fi jure yara da miyar kuka. Ki sa a yi wa kushin riga mai zif yadda za ki cire ki wanke. Idan kin je Kantin Kwari ko Sabon Gari ki ɗaga yadin ga haske, wanda rana ke ratsawa sosai ba zai yi shekara biyu ba. Ki ƙara yadi biyu a kan abin da kafinta ya ce, ki ajiye a akwati, domin ranar da shayi ko garwashin turaren wuta ya ɓata kushin ɗaya ba za ki sake samun irinsa a kasuwa ba.

Kada a ɗauka kafinta waliyyi ne don na zaɓe shi. Alƙawarinsa da na tela uwarsu ɗaya. Kada ki ba shi kuɗin aiki duka, kafin alƙalami ya isa, sauran sai kin ga ƙashi a tsaye kin girgiza shi, ragowar kuma ranar da kaya suka shiga falo. Ki je sau biyu ba tare da kin sanar ba: ranar haɗa katako da ranar sa soso. Ki duba ko an sa gam a mahaɗa da ɗan katako mai kusurwa uku a kowane lungu, ko ƙusa kawai aka buga. Hoton da ya nuna miki a waya, ko wanda kika gani a Instagram, ba shaida ba ne, kowa yana iya sauke hoton aikin wani. Ki ce ya kwatanta miki gidan da ya yi wa aiki shekara uku da suka wuce. Wanda ya san aikinsa da murna zai faɗa miki. Kuma idan biki ne, ki gaya masa ranar da ta riga ta gaskiya da sati biyu. Masu karɓar kuɗi ta waya su ce za su aiko da kaya daga wani gari, waɗanda ba su da shagon da za ki je ki tsaya, wannan ba ciniki ba ne, kyauta kika yi.

Wani wurin da kuɗi ke zubewa a banza shi ne yawa. An saba da saitin mutum bakwai: mai uku, mai biyu, da ɗaiɗai guda biyu. A falon gidan haya irin na ciki da falo, wannan saitin cushe ɗakin yake yi har a rasa wurin shimfiɗa sallaya. Wa ƙanwata mai uku ɗaya da ɗaiɗai biyu muka yi, kuɗin mai biyun muka ƙara a soso. Ki auna falon da faɗin ƙofa kafin a yanka katako, na ga kujerar da sai da aka cire ƙyaure sannan ta shiga. Gurbin da ya rage muka cike da tum-tum biyu na fata daga Kasuwar Kurmi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, muka ɗinka wa ƙananan matasai riga da rinin shuni na Ƙofar Mata, aka kafa faifai uku a bango. Tum-tum a fanko ake sayar da shi, ke za ki cusa masa tsofaffin kaya, sai dai ki shinshina kafin ki biya, domin fatar da ba ta jemu ba da damina take fara wari. Ranar ganin ɗaki wata gwaggon ango ta zauna a mai ukun, ta ɗan yi tsalle a kai don ta gwada, ta tambaye ni ko daga Dubai aka kawo. Na ce mata daga Na'ibawa.