Dubu ɗari huɗu ya tafi min da su

Jama'a ku yi hattara da masu "zuba kuɗi ka ci riba" a WhatsApp. Naira 400,000 wani ya cinye min. Kuɗin adashen da na kwasa ne.

Kuma kar wani ya ce min kwaɗayi, don ba a titi na tsince shi ba. Abokin yayana ne, sahu ɗaya muke sallah. A shagona ya zauna, ya sha shayina, ya dafa ƙirji ya ce "Malam, in kuɗinka ya yi ciwon kai ni zan saya masa magani." Har yanzu ina jin muryar. Dubu hamsin na fara ba shi, ya dawo min da saba'in da biyar cif. Wa zai ga haka bai ƙara ba? Tun kafin nan ma ya nuna min alat na waɗanda ya biya.

Jiya ƙanina ya turo min labarin Charles Ponzi, sai da jikina ya yi sanyi. A Boston ta Amurka, 1920, shi ma ribar kashi 50 cikin ɗari yake alkawari a kwana 45, yana biyan tsofaffin masu zubi da kuɗin sababbi. Kotun tarayya ta ɗaure shi shekara biyar kan zamba ta gidan waya. Da ya fito, jihar Massachusetts ta sake yanke masa hukunci, ya samu beli ya sulale Florida yana sayar wa mutane filaye, wasu ma cikin ruwa suke! Asiri ya tonu, ya aske kai ƙwal, ya tara gashin baki, ya shiga jirgin ruwa mai zuwa Italiya a matsayin ma'aikaci. A New Orleans, tun jirgin bai bar Amurka ba, aka cafke shi a 1926, aka mayar da shi Massachusetts kurkuku, sai 1934 aka kora shi ƙasarsu Italiya.

Shi an kamo shi. Nawa fa? Waya a kashe, gida a kulle, maƙwabta sun ce ya yi tafiya. Dubu ɗari huɗu! Yayana ko ido ba ya iya haɗawa da ni, alhali shi ma nasa sun tafi.

Rasit da hirarmu duk suna wayata, zan ɗora su in na dawo daga wajen 'yan sanda. Wanda ya zo muku da irin wannan, ko ɗan uwanku ne, kar ku ba shi ko sisi.