Ina mota za ta kwana? Zaɓen wurin fakin kafin hutun ƙanƙara a tsaunukan Alps

Da hunturu ya kankama, 'yan uwanmu mazauna Faransa da Suwizalan da Jamus sukan fara bugo waya: yara sun matsa lamba a kai su wasan zamiya a kan ƙanƙara, wane gari ya fi? Kowa tambayarsa kuɗin masauki, tikitin hawa tsauni, hayar takalma. Ban taɓa jin wanda ya fara da inda zai ajiye mota ba, alhali a nan ne hutun mutane da yawa yake tsami.

Ni ma sai da na ɗanɗana. Shekarar farko da na kai iyali, na ga fili a bakin gari an ce kyauta ne, na cusa mota na ja birkin hannu na yi tafiyata ina jin na yi dabara. Kwana shida ƙanƙara tana zuba. Ranar komawa na tarar da filin fari fat, motoci sun zama tsibi-tsibi kamar an jibge auduga, sai da na yi ta danna makulli kafin na hango wata fitila tana ƙiftawa can ƙarƙashi. Babu shebur, da murfin kula na yi haƙa. Na gama, na tayar da injin da ƙyar, mota ta ce ba ta san zancen ba: birkin hannu ya daskare. Uwargida tana tsaye da yara da akwatuna, hanci yana yoyo, ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ce arahar?"

Tun daga ranar nake fara duba makwancin mota kafin makwancina.

Zaɓin da mutane suka fi tsoro, wanda kuma ni na fi so idan za a yi mako guda, shi ne garuruwan da mota ba ta shiga sam. Zermatt a Suwizalan ita ce uwa a wannan tsari. Motar baƙo tana tsayawa ne a Täsch, kimanin kilomita 5 kafin garin, inda aka gina katafaren gareji mai rufi da ke ɗaukar motoci wajen 2,100, manne da tashar jirgin ƙasa. Ka sauke kaya a kan amalanke, ka tura ta har cikin tarago, jirgi yana tashi duk bayan minti 20, tafiyar minti 12 ce. A can sama ƙananan motocin lantarki ne ke jigilar mutane zuwa masauki. Daɗin abin shi ne mota tana kwance a ƙasa cikin rufi, ba ka hau mata hanya mafi tsanani ba, yara kuma suna yawo a titi ba ka riƙe da zuciyarka a hannu. Illarsa biyu ce. Za ka biya kuɗin gareji, ka biya na jirgi ga kowane babba, wataƙila ka ƙara na tasi a sama, kuma Suwizalan ba ƙasar araha ba ce. Sannan duk abin da ka manta a but, ya zauna ke nan. Mu da muke tafiya da buhun shinkafa, tukunya, yaji da kilishi saboda ba kowane nama muke ci a can ba, sauke kaya sau biyu ba wasa ba ne. A rage tarkace, a ɗaure komai cikin akwatuna masu taya.

Saas-Fee, ita ma a Suwizalan, ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin hanya tana kaiwa har bakin gari, garejin yana nan a mashiga, daga nan sai ƙafa ko motar lantarki. Avoriaz a Faransa, mai tsayin mita 1,800, haka take: wuraren fakin a ƙofar gari, mai rufi da na waje, titunan ciki kuwa ƙanƙara ce zalla, dawaki ne ke jan keken kaya da mutane. Yara ba sa mantawa da wannan. Wanda bai son hawa hanyar mai lanƙwashe-lanƙwashe yana iya barin mota a Les Prodains kusa da Morzine ya hau akwatin da ke tafiya a jikin waya. Wengen da Mürren a Suwizalan su ma babu mota. A Lauterbrunnen ko Stechelberg ake barinta.

Sai garuruwan da ke bari ka shiga ka sauke kaya a ƙofar masauki, amma ba su yarda mota ta kwana a titi ba. Val Thorens a Faransa, mai tsayin mita 2,300, ita ce misali mafi bayyana. Ka sauke, ka wuce gareji, kuma a lokacin cunkoso gara ka kama gurbi ta intanet tun kana gida, domin garejin da ya fi kusa da tsakiyar gari shi ke fara cika. Ga mai ƙananan yara ko tsohuwa a tawaga, wannan tsarin ya fi kowanne rangwame. Sai dai kai ne za ka tuƙa mota har can ƙololuwa, daga garin Moûtiers da ke ƙasa cikin kwari kana hawa kana lanƙwasa, kuma idan ranar ta zo da zubar ƙanƙara za ka san ka yi tuƙi. Hangen Dala ba shiga birni ba: fitilun gari suna gabanka, kai kana durƙushe a gefen hanya kana kokawa da sarƙar da ake ɗaura wa taya don hana santsi, da yatsun da ba ka jin su.

Wani abu da ake mantawa da shi a nan: tsayin ƙofar gareji. Mai babbar mota da ya ɗora akwatin kaya a kan rufi yana iya isa ya tarar ba zai shige ba. Ka auna motarka da akwatin a kai, ka duba abin da garejin ya rubuta, kafin ka biya.

Masaukin da ya zo da nasa gareji a ƙarƙashin gini shi ne sarauta, kamar yadda aka tsara ƙauyen Arc 1950 a Faransa, inda motoci ke ƙasa mutane ke sama. Amma a karanta talla da idon basira. "Akwai fakin" tana iya nufin gurbi mai lamba da aka ware maka, tana iya nufin fili a bayan gida wanda duk wanda ya riga shi ya samu, tana kuma iya nufin garejin gari da za ka biya daban. Ka rubuta wa mai gidan ka tambaye shi ƙarara: mai rufi ne, ni kaɗai aka ware wa gurbin, kuɗinsa yana cikin na haya, minti nawa ne a ƙafa? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce. Takalmin zamiya tauri gare shi kamar an sa ƙafa a turmi, tafiyar mita 300 a cikinsa, kana saɓe da katakan zamiyarka da na yaro, a kan hanya mai santsi, ta isa ta sa mutum ya fara lissafin abin da ya fito da shi daga gida.

Duk wannan maganar masu kwana ce. Wanda zai je ya dawo a yini, daga Jeneba ko Liyon ko Grenoble, lissafinsa daban. Shi filin waje ya ishe shi, har ma ya fi masa, tunda ba kwana motar za ta yi ba. Matsalarsa sammako ne. Filayen da ke gindin na'urar hawa tsauni suna cika da hantsi, musamman Asabar da Lahadi, wanda ya tsaya shan shayi sai ya sami kansa can nesa. A Chamonix ta Faransa, wadda ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, wuraren zamiyar a warwatse suke cikin kwari, Brévent nan, Flégère can, Grands Montets a Argentière, Les Houches a ɗaya ɓangaren. Saboda haka dabarar da ta fi ita ce ka ajiye mota wuri guda ka bi bas ko jirgin ƙasan kwarin. A Bourg-Saint-Maurice kuwa akwai jirgin da ke hawa tudu zuwa Arc 1600 cikin minti 7. Mota ta tsaya ƙasa inda sanyi ya fi sauƙi, kai ka hau da jakarka. A ganina, ga wanda bai saba tuƙi a kan ƙanƙara ba, babu zaɓin da ya kai wannan hankali. Mu da muka koyi tuƙi a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ko Kano zuwa Katsina mun iya yashi da rami, amma santsin ƙanƙara a kan gangare wani karatu ne daban, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya bar wa direban jirgi.

Ko wanne ka zaɓa, akwai kuɗin da ke ɓoye a hanya. A yankunan tsaunuka na Faransa, ciki har da Savoie da Haute-Savoie, doka ta wajabta tayoyin hunturu ko riƙe sarƙa a mota daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Inda ka ga allo shuɗi mai da'ira da hoton taya sanye da sarƙa, idan hanya ta rufe da ƙanƙara, ɗaurawa ake yi. Ka gwada ɗaura ta a ƙofar gidanka da rana tukuna. Manyan titunan Suwizalan suna buƙatar shaidar biyan faran 40 na kuɗin ƙasar a shekara. Motar haya daga ɓangaren Suwizalan na filin jirgin Jeneba takan zo da ita, ta ɓangaren Faransa galibi babu. Asabar ce ranar da masu haya ke fita sababbi ke shiga, kuma a hutun makarantu na Fabrairu hanyar kwarin Tarentaise, wadda ke kaiwa Moûtiers da Bourg-Saint-Maurice, takan cushe na sa'o'i. Idan mai masauki zai yarda da Lahadi zuwa Lahadi, karɓa hannu bibbiyu.

To idan aljihu ya ce sai filin waje, ba haramun ba ne, amma a yi shi da ilimi. Kada a ja birkin hannu. A bar mota cikin giya a wuri mai shimfiɗe. A ɗaga waifa daga jikin gilashi. Mai motar dizal ya cika tanki a gidan man da ke kusa da tsauni, domin man da ake sayarwa a can an haɗa shi don ya jure sanyi, na ƙasa kuwa yana iya yin kauri ya toshe matata. Batir da ya tsufa a canza shi tun a gida, mai motar lantarki kuma ya san cajinsa zai gudu fiye da yadda ya saba. A karanta allunan filin, saboda wasu wuraren ana share ƙanƙara da dare kuma motar da ta tare hanya janye ta ake yi. A ɗauki hoton inda aka ajiye ta tare da wata alama mai tsayi, turken fitila ko gini.

Shebur kuma a tafi da shi ɗaki. Shekara ta biyu na saya, na bar shi a but, ƙarƙashin ƙanƙarar da zan haƙa da shi.