Zangon karatu a Washington: wace hanya ɗalibi zai bi?

Ɗalibin da ke son ya yi zango ɗaya a Washington, babban birnin Amurka, yana karatu yana koyon aiki, hanyoyi huɗu ne a gabansa. Kafin ya duba hoton ko wane gini, sai ya je ofishin rajista na jami'arsa da tambaya biyu: za ku karɓi makin da zan samo can? Tallafin karatuna zai bi ni? In ba a ba shi amsa a rubuce ba, kada ya biya ko dala ɗaya. Babu abin da ya fi ciwo kamar mutum ya dawo bayan wata huɗu a ce masa sai ya ƙara zango kafin ya kammala digiri.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta jami'ar da ke da nata shiri a birnin. Jami'ar California tana da cibiyarta da ake kira UCDC, da azuzuwa da ɗakunan kwana a gini ɗaya. Cornell da Stanford ma suna da nasu. A nan maki na gida ne, tallafi ma galibi ba ya yankewa. In jami'arka tana da irin wannan, da shi za ka fara. Illarsa dai, da 'yan makarantarku za ka kwana ka tashi.

Wanda jami'arsa ba ta da reshe, sunaye biyu zai fi ji. Shirin American University ya faro tun 1947, kuma ya fi karkata ga karatu: darasi da malaman jami'a, ganawa da masu riƙe da muƙamai, sai wasu ranaku na mako a wurin aiki. The Washington Center, da aka kafa a 1975, ba jami'a ba ce, don haka yawanci jami'arka ce za ta ba da makin, abin da ya sa tambayar farko ta fi nauyi a nan. Tsarinta ya fi ba aiki lokaci: mafi yawan ranakun mako a ofis, darasi da yamma, masauki a unguwar NoMa. Mai shirin digiri na biyu zai fi jin daɗin shirin American University. Mai son ya fito da wasiƙar shaida daga shugaban aiki, The Washington Center ta fi yi masa.

Hanya ta huɗu, ka nemo wa kanka wurin aiki da masauki. Ita ta fi araha a takarda, amma hayar ɗaki na wata huɗu a birni mai tsadar gidaje kan cinye ragin, kuma ba wanda zai tsaya maka in wurin aikin ya zama na zaman kashe wando. Ban cika ba ɗan shekarar farko shawarar ta ba.

To, wurin aikin kansa, wanda shi ne ainihin abin da ake saye. Ofishin ɗan majalisa yana da suna, amma ka san abin da ke ciki: ka zauna a teburin bakin ƙofa, waya tana ta ƙara, kana rubuta ra'ayin kowane mai kira daga mazaɓa, sannan ka zagaya da baƙi cikin ginin majalisa, wato Capitol. Ana koyon abu sosai a haka, sai dai ba rubuta doka ba ne. Ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata goma tana iya damƙa maka rahoto sukutum. Saboda haka a ganawar ɗaukar aiki ka tambaya: wa zai riƙa duba aikina, kuma me wanda ya gabace ni ya yi? Lokaci ma abin lura ne, domin majalisa tana hutu a watan Agusta, a shekarar zaɓe kuma 'yan majalisa suna watsewa kamfe a Oktoba.

Batun albashi ya ɗan gyaru. Tun 2019 majalisa take ware kuɗin biyan masu koyon aiki, Fadar White House kuma ta fara biya a 2022. Amma ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba ya sani cewa White House da Ma'aikatar Harkokin Waje 'yan Amurka kawai suke ɗauka, kuma binciken tsaro na ma'aikatar kan ɗauki watanni. Gara ya fuskanci cibiyoyin bincike irin su Brookings da CSIS, ko ƙungiyoyi masu zaman kansu. Mai bizar karatu ta F-1 kuma kada ya fara aiki sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa ya ba shi izinin koyon aiki da ake kira CPT, wanda galibi sai bayan cikakkiyar shekarar karatu ake samu.

Masauki kuwa, kada ka auna shi da kyan ɗaki. Buɗe taswirar jirgin Metro, ka ƙirga tasha nawa ce daga ƙofarka zuwa ofis, daga ofis zuwa aji, sannan ka tambaya ko katin jirgi yana cikin kuɗin shirin.