Wane Gyara Ne Ya Cancanci Kuɗinka Wajen Ƙara wa Babur Ɗin Ƙanƙara Ƙarfi da Gudu?

Duk wanda ya yi hunturu ɗaya ko biyu yana hawan babur ɗin ƙanƙara a Kanada, ko a arewacin Amurka, ko a Finland da Suwidin, zai wayi gari wata rana yana jin cewa abin hawansa ba ya yi masa gudun da yake so, musamman idan wani ya wuce shi a kan daskararren tafki ya bar shi da ƙurar dusar ƙanƙara. Daga nan ne ake fara leƙa shagunan kayan gyara, inda kowane kwali yake ɗauke da alƙawarin ƙarin ƙarfin doki. Kafin mutum ya zaro kuɗi, yana da kyau ya san cewa baburan da Ski-Doo da Polaris da Arctic Cat da Lynx suke fitarwa a yau sun riga sun zo da ƙarfin da yawancin mahaya ba sa iya cinyewa. Injin Rotax 850 E-TEC kaɗai yana ba da kusan ƙarfin doki 165, wato ya zarce na ƙananan motoci da yawa, alhali nauyin babur ɗin bai kai rubu'in na mota ba. Saboda haka abin da ya fi damun mai saye shi ne nawa daga cikin wannan ƙarfi yake isa ƙasa, kuma a wane wuri yake zubewa a hanya.

Gyaran da ya fi kowanne arha shi ne mayar da babur ɗin yadda ya fito daga kamfani, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Bel ɗin kuloci da ya cinye ya sirance, da filogin da ya gaji, da sifirin da ya saki, da ƙafar robar nan mai kama da ta katafila idan ta yi tsauri fiye da kima ko ta karkace, duk suna satar gudu ba tare da mahayi ya ankara ba. A cire murfin gefe a duba fuskokin kuloci: idan aka ga baƙin shafe-shafen roba a jikinsu, ko bel ɗin ya yi sheƙi kamar an goge shi da mai, to yana zamewa ne, kuma duk ƙarfin da aka ƙara wa injin zafi zai koma. Sabon bel ana wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe, sannan a yi masa tafiyar sannu ta farko kafin a murɗa masa totur har ƙarshe. Mutane da dama sun sayi kayan ɗaruruwan daloli suna yabon canjin da suka ji, alhali sabon bel ɗin da makaniki ya saka a ranar ne ya yi aikin.

Idan an gama da wannan, kuloci ne ya kamata ya ci kuɗin farko, kuma a nan zan daɗe domin a nan ne riba take. Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giyar da ake sakawa da hannu ko da ƙafa. Kuloci biyu ne, na gaba a jikin injin da na baya, bel yana haɗa su, suna buɗewa suna tsukewa da kansu gwargwadon juyin injin da nauyin da ke kansa. Injin mai bugu biyu, wato dangin injin tsohuwar Vespa da ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a wani ɗan siririn wuri, kusan juyi 8,000 a minti ɗaya ga manyan injuna na yanzu. Aikin kuloci shi ne ya riƙe injin a daidai wannan wuri tun daga tashi har ƙurewar gudu. Idan agogon juyi ya tsaya a 7,600 alhali littafin babur ɗin ya ce 7,900, to akwai dawakai da yawa da aka biya kuɗinsu amma suna ɗaure a turke.

Abubuwa uku ake canzawa a cikin kuloci. Akwai ƙananan ƙarafan nauyi na kulocin gaba, waɗanda idan aka ƙara musu nauyi juyin injin yake sauka, idan aka rage kuma ya hau. Akwai sifirin, wanda taurinsa yake yanke lokacin da kuloci zai fara kama bel. Sai kuma karkataccen ƙarfen da ke cikin kulocin baya, wanda kwanarsa take yanke saurin hawan giya da saurin dawowarta idan aka shiga dusa mai zurfi ko aka fara hawan tudu. Kamfanoni irin su Dalton Industries da EPI da Starting Line Products suna sayar da waɗannan a haɗe, an riga an daidaita su da samfurin babur da tsayin wurin da za a hau. Farashinsu bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, ba sa ƙara wa injin ko doki ɗaya, amma a tashi da kuma fita daga kwana mahayi yana jin bambancin a hannunsa nan take. Wanda yake da Ski-Doo ya fara gwada maɓallan daidaitawa da suka zo a jikin kulocin pDrive ko TRA kafin ya sayi komai, domin dannawa ɗaya zuwa lamba ta gaba tana iya dawo masa da juyin da ya ɓata kyauta. Abin da ya kamata a guje wa shi ne sayen kayan kuloci daga mai sayarwar da bai tambayi nauyin mahayi, da tsawon ƙafar robar, da tsayin ƙasar da ake hawa ba, domin duk wanda bai yi waɗannan tambayoyi ba canki-canka yake yi.

Maganar tsayin ƙasa ba ƙaramar magana ba ce. Injin da ba shi da tabo, wato na'urar da take cusa ƙarin iska cikin injin da ƙarfi, yana asarar kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da aka hau, saboda iska tana yin sako-sako. Saitin da ya dace da shimfiɗaɗɗun hanyoyin Minnesota ko Kubek zai shaƙe injin a duwatsun Kolorado ko Biritish Kolombiya, inda ake buƙatar ƙarafan da ba su kai waɗancan nauyi ba.

Bayan kuloci sai riƙon ƙasa. A kan hanyar da aka daddale ko kan ƙanƙara tsantsa, ƙafar roba tana juyawa a banza idan aka ba ta wuta, kuma maganin wannan shi ne ƙusoshin ƙarfe da ake dasawa a jikinta, irin waɗanda Woody's ya yi suna da su, galibi 96 ko 144 gwargwadon ƙarfin injin. Amfaninsu bai tsaya ga tashi ba, har birki ma yana ƙara kamawa, wanda a ganina ya fi saurin muhimmanci. Sai dai suna da sharuɗɗa. Dole a saka abin kariya a cikin rumfar da ƙafar take juyawa, domin a nan ne ƙarafan sanyaya injin suke, kuma ƙusa ɗaya da ta yi tsawo ko ta fizge tana iya huda su ruwan sanyi ya tsiyaye a tsakiyar daji. Haka kuma dole a ƙara tsawon ƙarfen yanka da ke ƙarƙashin takalman zamiya na gaba, in ba haka ba baya ya riƙe ƙasa gaba ya ƙi juyawa, babur ya miƙe a kwana. Wasu jihohi, ciki har da Minnesota, suna taƙaita hawa da ƙusoshi a kan hanyoyin da aka zuba wa kwalta. Mai hawan duwatsu kuwa ba ruwansa da ƙusa, abin da yake nema shi ne ƙafa mai dogayen haƙora, inci biyu da rabi zuwa uku, waɗanda suke yashe dusa amma suna rage ƙurewar gudu, kuma suna saurin lalacewa a kan hanya mai tauri.

Canjin fayafayen nan biyu masu haƙora, na sama da na ƙasa, da ke jan sarƙar da take kai ƙarfi ga ƙafar roba, ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Ƙara girman na sama yana ba da gudu a ƙarshe idan injin yana da ƙarfin jan sa, rage shi kuma yana ba da tashi mai zafi tare da sanyaya wa bel. Yawancin waɗanda suke tsammanin suna son na farko, da za su ƙidaya sau nawa suke ƙure agogo a kakar hunturu guda, da na biyun suka zaɓa.

Salansa ita ce abin da sababbin shiga suka fi ɗoki, kuma ita ce mafi ƙarancin riba. Canza tukunyar ƙarshe kaɗai yana rage 'yan kilo na nauyi, wanda mai hawan dutse yake jin daɗinsa idan babur ya nutse yana ƙoƙarin tono shi, amma ƙarfin da take ƙarawa kaɗan ne ƙwarai, wani lokaci ma ragewa take yi. Ƙara ce kawai take yawaita, kunne kuma ya yaudari mai shi ya ɗauka gudu ne. A injin mai bugu biyu, ƙarfi yana cikin kumburarren bututun tsakiya ne, domin siffarsa ce take mayar da iska da man da suka so tserewa zuwa cikin silinda a daidai lokacin da ya dace. Canza wannan bututu tare da mahaɗarsa yana iya ba da ƙari na gaskiya, amma yana sauya buƙatar mai da kuma wurin da injin yake ba da ƙarfi, don haka sai an sake saitin mai da na kuloci. Ga kuma doka: lardunan Ontariyo da Kubek na Kanada sun hana taɓa salansa ta yadda za ta ƙara ƙara, jihohin Mishigan da Wiskonsin na Amurka kuma suna auna ƙarar babur a tsaye, tare da iyakar da ba a yarda a wuce ba. Dalilin tsananin shi ne hanyoyin da ƙungiyoyin mahaya irin su OFSC ta Ontariyo da FCMQ ta Kubek suke kula da su suna ratsa gonaki da filayen mutane ne da izininsu, kuma manomin da aka hana wa barci yana da ikon rufe ƙofarsa.

Sake rubuta kwamfutar injin, ko ɗaura mata na'ura irin Power Commander ta Dynojet, ribarsa ta danganta da irin injin. A injin da ba shi da tabo ƙarin ba shi da yawa, amfaninsa shi ne daidaita mai bayan an canza bututu. A injin mai bugu huɗu da ya zo da tabo daga kamfani, kamar mai silinda uku na cc 998 da ke cikin Yamaha Sidewinder da Arctic Cat Thundercat, ko Rotax 900 ACE Turbo, labarin daban ne, domin ƙara matsin iska ta kwamfuta yana ba da dawakai masu yawa da kuɗi kaɗan, kuma babu wani gyara da yake kama ƙafarsa a wannan lissafi. Bel ne yake fara biyan bashin, sannan aljihu. Mai sayen Sidewinder ya kuma tuna cewa Yamaha ta sanar a 2023 cewa samfurin 2025 ne na ƙarshe da za ta fitar.

Daga nan sai manyan ayyuka, wato ƙara faɗin silinda, ko sauya kan injin don ƙara matsi, ko ɗaura tabo a kan injin mai bugu biyu, irin kayan da Boondocker da Silber suke yi. Waɗannan suna cin dubban daloli, kuma haɗarinsu ɗaya ne: idan mai ya yi ƙaranci a cikin iska, ko ingancin fetur bai kai ba, wuta tana tashi kafin lokacinta ta riƙa dukan fistin. Makaniki yakan gane haka ta filogi. Mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi kamar shayi da madara, wanda ya yi fari fat ko ya ɗauki ɗige-ɗigen alminiyam kuwa yana sanar da cewa fistin ya fara narkewa, kuma idan aka buɗe akan tarar da gefensa na wajen salansa ya zagwanye. Manyan injunan nan tun daga kamfani fetur mai lambar inganci 91 suke so, idan aka ƙara matsi sosai a ƙasa mai kwari kuma sai an haɗa da man tsere, wanda ba a samun sa a gidan man ƙauyen da ke bakin hanya.

Shekarun baya duk mai son tabo a injin mai bugu biyu ba shi da zaɓi sai na kasuwa. Wannan ya canza a 2020, lokacin da Ski-Doo ta fito da 850 E-TEC Turbo wanda yake riƙe dawakansa 165 har zuwa tsayin ƙafa 8,000, Polaris kuma ta biyo baya da Patriot Boost a samfurin 2022. Ra'ayina shi ne wanda babur ɗinsa yake da sauran daraja a kasuwa ya sayar da shi ya cika kuɗi ya sayi mai tabon kamfani, domin zai samu garanti, da kwamfutar da aka tsara don tabon tun asali, da man da ake samu ko'ina. Tabon kasuwa ya fi dacewa da mai tsere, ko mai gareji da haƙurin kwance injin a tsakiyar kaka.

Game da garanti, dokar Magnuson-Moss ta 1975 a Amurka ta hana kamfani soke shi gaba ɗaya don kawai an saka kayan wani, amma tana ba shi damar ƙin biyan ɓarnar da kayan suka jawo, kuma dila yana iya gane an taɓa kwamfuta. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ma ta sa baburan ƙanƙara cikin dokar hayaƙi tun samfurin 2006, shi ya sa ake rubuta wa kaya da yawa cewa na filin tsere ne kawai. A kira kamfanin inshora a faɗa masa abin da aka canza kafin a fita. A kuma sa a lissafi cewa iyakar gudu a hanyoyin Ontariyo kilomita 50 ne a awa ɗaya, a Kubek 70, a filayen gwamnati na Minnesota kuma mil 50.

Wanda kuma yake shirin sayen na hannu da aka riga aka yi wa gyara, kada ya biya ƙarin kuɗi saboda kayan da aka ɗaura, domin a kasuwar na hannu ba sa ƙara daraja, sau da yawa ma alama ce ta cewa injin ya sha wuya. Ya nemi a auna matsin kowace silinda a gabansa ya ga ko sun yi kusa da juna, ya tambayi mil nawa aka yi tun da aka canza fistin, ya tambayi wanda ya rubuta kwamfutar da lambar fetur ɗin da aka saita ta a kai, sannan ya sa mai sayarwa ya haɗa masa da salansar asali da kayan kulocin asali a cikin kwali.