Ofishin Lauyar da Ba Ta Yi Mini Romon Baka Ba

Bayan an sallame ni daga aiki saboda na yi ƙorafin tsangwamar shugabana, na je wani ƙaramin ofishin lauyoyi a Kano. Lauyar ta karanta takardar ɗaukata aiki layi bayan layi, tana ja wa sharaɗin sallama layi da jan biro. Ta bayyana mini cewa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar tun gyaran tsarin mulki na 2010, amma ta gargaɗe ni cewa ƙarar na iya ɗaukar shekaru, kuɗi su ƙare, abokan aiki kuma su ƙi ba da shaida don gudun rasa abincinsu. Kuɗin ganinta yana da tsada, sai dai na fito da sanin matsayina.