Rak ɗin sitiyarin Hilux yana yoyo: canza sil ko sayen na Beljiyam?

Salamu alaikum. Alhaji na ga tambayarka ta jiya da daddare a kan Hilux ɗinka ƙirar 2008, ka ce duk sati sai ka ƙara man sitiyari, robar nan mai lanƙwasa ta gefen direba kullum a jiƙe take, kuma ka je wajen makanikai biyu, ɗaya ya ce a canza sil kawai, wato zoben robar da ke hana mai zuba, ɗayan ya ce asarar kuɗi ce gara ka sayi rak (dogon ƙarfen nan na ƙasa mai tura tayoyin gaba dama da hagu in an murɗa sitiyari) na Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, ka huta. Toh ni dai duka biyun na taɓa yi a kan motar da muke ɗaukar kaya da ita, kuma abin da zan ce maka shi ne kowannensu yana iya zama mai gaskiya, amma ba wanda zai iya yanke hukunci daga tsaye. Sandar ƙarfen da ke cikin rak ɗin ita ce alƙali, sai an zare roba an kalle ta.

Amma tukuna, ka tabbata rak ɗin ne ma yake zubarwa? Don wallahi an sha sauke rak lafiyayye a banza. Mai daga sama yake gangarowa ƙasa, kuma rak shi ne a can ƙasa, duk abin da ya tsiyayo daga famfo ko tiyo ko tankin man a kansa yake sauka, sai ƙura ta manne a ga ya yi baƙi ƙirin a ce ai shi ne. Ka sa a wanke wajen tas da omo, a bari ya bushe, a cika mai daidai layi, a tayar da mota a murɗa sitiyari dama da hagu kamar sau goma, wani yana ƙasa da tocila yana kallo. A duba inda aka matse ƙarfe a bakin babban tiyo, a duba kilif ɗin ƙaramin tiyon da ke mayar da mai tanki, a duba bayan fulin famfo, da siraran bututan ƙarfen nan biyu da suke kwance a bayan rak ɗin. In a ɗaya daga cikinsu ne, ka tsira da kuɗinka, aikin awa ɗaya ne. Sannan a duba saman rak inda sandar sitiyari take shigowa, akwai sil a wajen shi ma yana naso. Na ƙarshe a kwance kilif ɗin robar da ka ce tana jiƙewa a ja ta baya. Cikin robar nan giris ne kawai ya kamata a gani, ba a yi ta don riƙe mai ba, ƙura da ruwa take tarewa. In jan mai ya zubo daga ciki, shikenan sil ɗin gefen ya mutu, kuma canza robar kaɗai ba zai tsinana komai ba.

Yanzu ga inda hanyar ta rabu. Bayan an ja robar, a murɗa sitiyari har ƙarshe sandar ta fito sosai, a goge ta da tsumma mai tsabta, ka sa farcenka ka bi ta, musamman wajen da yake sumul inda sil yake hawa. In tana sheƙi farce yana wucewa ba ya maƙalewa, bakaniken farko ya yi gaskiya, tsufa ne kawai ya busar da sil, motar da ta haura shekara 15 a zafin nan namu ba abin mamaki ba ne. In kuwa ka ji ƙananan ramuka kamar zanzana ko ka ga tsatsa ta ci ta, na biyun ne da gaskiya. Abin da yake jawo haka yawanci roba ce ta taɓa yagewa ba a kula ba, aka yi damina da ita ana shiga ruwa da taɓo a hanyar ƙauye, ruwa ya kwanta a ciki. Dalilin da ya sa ramin da bai kai kan allura ba yake da muhimmanci: tayar mota iska 30 zuwa 40 ake ba ta, man sitiyari kuwa idan ka murɗa har ƙarshe yana haura 1000 a wannan ma'aunin. Sabon sil zai riƙa bi ta kan ramukan nan duk murɗawa ɗaya suna yankar leɓensa, kafin wata biyu ka dawo gidan jiya.

Mu ɗauke su gefe da gefe. Ta wajen kuɗi canza sil ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kayan kansu ba su da tsada, kuɗin aiki ne ya fi yawa. Na Beljiyam kuwa farashinsa dala yake bi, abin da aka faɗa maka a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano wannan watan ba lallai ka same shi haka wata mai zuwa ba. Ta wajen lokaci na Beljiyam ya fi sauri, a sauke wannan a ɗora wancan, wuni ɗaya ka tafi, shi kuwa gyara in za a yi shi yadda ya kamata ka ba shi kwana biyu kar ka tsaya a kan mutum kana azalzalarsa. Ta wajen sanin abin da ke hannunka kuwa gyara ya fi, don rak ɗinka ne na asali da ya zo da motar, ka san tarihinsa, ka san bai taɓa cin karo ba. Na Beljiyam ba ka san daga jikin wace mota aka ciro shi ba, yana iya zama sa'an naka a shekaru, sil ɗinsa ma ya ƙara bushewa don ya daɗe a ajiye ba mai a cikinsa. Mutane suna mantawa da wannan, suna ganin tunda daga waje ya zo sabo ne. Tsoho ne shi ma, bambancin kawai wataƙila bai sha hanyarmu ba.

Inda gyara yake faɗuwa shi ne hannu. Wannan ba aikin kowane bakanike ba ne, akwai masu rak zalla, su za ka nema ko da za ka ƙara tafiya. Cikin rak ba sil ɗaya ba ne, akwai na gefe biyu, akwai na sama, akwai fararen zobba na roba mai tauri a kan fistin da kan bawul, kuma lokacin zura sandar dole ta bi ta cikin sabon sil da haƙoranta, in ba a naɗe haƙoran da leda ko salatif ba nan take suke tsaga shi tun kafin a ɗora a mota. Haka ya faru da ni karon farko, a ƙasa kan yashi aka baje kayan, aka buga sil da sukundireba, sati uku bai cika ba mai ya dawo yana ɗiga, kuma abin ya yi min ciwo don kayan da na saya masu kyau ne. Karo na biyu wani dattijo ya yi min a kan tebur, ya wanke komai, ya goge sandar da sanfefa mai laushi sosai, ya shafa mai a kowane sil kafin ya sa, wannan aikin har na rabu da motar bai yi naso ba. Ka ga kaya iri ɗaya, sakamako daban. Kuma ka sayi cikakken saiti, kar ka yarda a canza na gefen da yake yoyo kaɗai, ɗayan ma shekarunsu ɗaya.

Akwai yanayin da ko sandar tana da kyau ba zan ba ka shawarar gyara ba. In da safe sitiyari yana yin tauri ta gefe ɗaya sai mota ta ɗau zafi ya saki, yawanci zobban bawul ne suka ci jikin gidansu suka yi masa layi, sabon zobe ba ya cike wannan. Haka in akwai lako a tsakiya, kana murɗa sitiyari kaɗan taya ba ta amsawa kuma an duba tayarod da bushin lafiyarsu ƙalau, haƙora ne suka cinye. Nan ma canji ne.

In ta kama sai na Beljiyam, ga abin da nake so ka riƙe. Ka je da tsohon naka a hannu a jera su a ƙasa. Mu a Najeriya tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu yana hagu, amma Hilux irin taka da yawa a Tailan da Afirka ta Kudu aka ƙera su kuma can sitiyari a dama yake, haka Ingila da Japan, saboda haka rak na hannun dama yana shigowa cikin kaya kuma ba zai hau motarka ba. Sannan ka faɗa musu taka mai jan ƙafa huɗu ce ko biyu, kar ka ɗauka duk ɗaya ne, a gwada tsawo da wajen ɗaure kusoshi da bakin tiyo. Kafin ka biya ka sa a zare robobin duka biyu a gabanka ka yi masa gwajin farcen nan, in mai kaya ya ƙi ka bar masa abinsa. In ka ga an fesa masa sabon fenti ka ƙara sa ido. Kuma ku yi magana a gaban shaida, a rubuta a rasit, kwana nawa ya ba ka na gwaji in ya yi yoyo ka dawo da shi.

Sabo fa? Na kamfanin Toyota na asali ba shi da na biyu in aljihu zai ɗauka. Sababbin nan masu araha da suke zuwa a kwali mai kyau kuwa sa'a ce, akwai masu daɗewa akwai waɗanda ba sa kai shekara, ni a ra'ayina tsohon rak na asali mai lafiyayyar sanda da aka sa wa sil mai kyau ya fi min su.

Duk wanda ka zaɓa akwai abubuwan da ba sa canzawa. Kafin a cire rak a miƙe tayoyi a ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera kar ya juya shi kaɗai, don akwai siririyar waya a naɗe a bayansa ta hon da jakar iska, in ya yi ta juyawa tsinkewa take. A zubar da tsohon mai gaba ɗaya a wanke tankin, akwai rariya a gindinsa da take toshewa, in ka zuba baƙin mai mai garin ƙarfe a kan sabon sil ka kashe shi da hannunka. Man da Hilux irin taka take sha jan man giyar otomatik ne, Dexron II ko III, duba murfin tankin ko littafin motar za ka gani. A duba bushin da suke riƙe rak ɗin, man da ya daɗe yana zuba a kansu yana sa su yi laushi. Wajen fitar da iska a ɗaga gaban motar da jak, inji a kashe, a murɗa dama da hagu a hankali ana ƙara mai har kumfa ta daina fitowa sannan a tayar, in ba haka ba famfo zai yi ta kuka. Daga nan kai tsaye wajen alaimen a saita tayoyin gaba, kar ka ce sai an kwana biyu, tayoyin gaba ne za su biya.

Kafin ka samu sararin yin aikin don Allah kar ka bari tankin ya ƙafe, famfo da man nan yake samun santsi, ya yi aiki a bushe na ɗan lokaci ka ƙara wa kanka sayen famfo. Ka daina danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa kaɗan wajen juya mota. Kuma duk wanda ya ce a zuba man birki a ciki wai yana tsayar da yoyo kar ka saurare shi, kumbura roba yake yi, kwana kaɗan yoyon zai lafa daga baya duk wata roba da ke cikin famfo da tiyo da rak ta lalace.

Tunda ka ce gefe ɗaya ne yake jiƙewa kuma ba ka ambaci tauri ko ƙara ba, hasashena naka zai gyaru. Gobe in Allah ya kai mu ka sa a ja robar, ka ɗauko mana hoton sandar a wajen haske, ka gaya mana ko ruwa ko tsatsa ta fito tare da man.